Akwatin Shagon Haladu

Wata uku ina kwana da ita a waya,
baƙar amfilifayar nan mai jan ido ɗaya.
In na rufe keken ɗinki, na kakkaɓe zare,
sai in sa data ta ɗari biyu,
in jingina wayar da matashi.
Wani mai dogon gashi, can wata ƙasa,
ya taɓa tsirkiya,
sauti ya zubo sumul kamar mai daga ludayi,
ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi.
Har na haddace inda yake lumshe ido.

Ranar Laraba na kwashi adashi.
Na saɓa jitata, na tari acaɓa
zuwa shagon Haladu, bayan Ƙofar Ƙaura,
inda tsofaffin rediyoyi ke jere
kamar masu jiran ganin likita.

Ga ta nan a lungu.
Ta fi yadda na zata nauyi,
gefenta a ɗaye, tana warin dalma.
Babu wuta. Yaro ya ja janareta sau huɗu.
Idon ya yi ja,
kuma tun ban taɓa komai ba
ta soma gurnani ƙasa-ƙasa,
irin na karen da bai gama shawara a kanka ba.
Wannan, waya ba ta faɗa mini ba.

Na buga.

Kwanon rufi ya amsa.
Ƙusoshi a gwangwanin madara suka hau rawa,
ƙafar wandona ta kaɗa babu iska.
Sautin bai nemi izinin kunne ba,
ta ciki ya shiga, ta haƙarƙari, har dasashi.
Mai shayin tsallake ya tsaya da kofi a sama.

Sannan ta tona ni.
Kartar yatsa a kan tsirkiya,
farcen da na manta ban yanke ba,
ƙaramin yatsan nan da kullum yake makara,
duk abin da ɗakina ya rufa mini shekara shida
ta kwasa, ta yi shela har bakin titi.

Na ce, "Haladu, ba ita ba ce.
Ta wayar ta fi zaƙi."
Bai ɗago daga abin da yake liƙewa ba.
Ya ce, "Ita ce, tela.
Hannun ne ba a haɗowa a kwali.
Wancan ya buga talatin, ya zaɓi ɗaya,
aka wanke, aka goge, aka shafa mai.
Wannan ba ta san kara ba.
Abin da ka ba ta za ta maido maka, da riba."

Na ji zafi. Na ƙi tashi daga benci.
Na matsa hagu, muryar ta dushe.
Na dawo gabanta, ta yi kaifi.
Na juya mata jitar, ta kwarma ihu
kamar an take mata wutsiya,
na ja da baya, ta lafa.
In na sassauta ta yi raɗa,
in na danne ta yi tsawa.
Ashe hira ake yi da ita.
Ni kuwa wata uku ina laɓe bayan danga
ina sauraren hirar wasu.

La'asar ta riske ni a nan.
Na biya kuɗin akwati, na biya litar mai.

Kafin janareta ya mutu na ɗauki minti guda
na aika wa ƙanena Tasi'u a Daura.
Da na kunna a hanya, me zan ji?
Sauro a cikin kwalba.
Babu rufin, babu ƙusoshin,
babu abin da ya taɓa ni a haƙarƙari.

Ya rubuto: "Ba laifi. Amma ta bidiyon ta fi."

Ban yi musu ba.
Tana nan ƙarƙashin teburin yanka,
na lulluɓe ta da ragowar shadda.
Na ce ya shigo motar safe ran Asabar,
ya bar wayar a aljihu,
ya zo da ƙirjinsa.